Takobi: kama da wane ba ta wane

Duk ma'aikacin da ya taɓa riƙe takardar gwamnati a ƙasar nan ya ga takubba 2 giciye da juna cikin tambarin Jamhuriyar Nijar, tare da mashi, da zangarkun hatsi, da kan sa, da rana a tsakiya. Haka kuma duk ɗan kasuwar da ya taɓa rufe shago domin sauraren kokowa a rediyo ya san cewa gasar nan da aka soma a Tawa a 1975, sarkinta da takobi yake komawa gida. Takobi dai ba baƙo ba ne a idon ɗan Nijar. Amma gani daban, sani daban. Idan aka shimfiɗa takubba 2 bisa tabarma, ɗaya ya shekara 150, ɗaya kuwa makon jiya ya fito daga wuta, mutane kaɗan ne za su iya nuna tsohon ba tare da sun saurari bakin mai sayarwa ba. A cikin wannan rashin sani ne wasu ke cin abinci, wasu kuma ke asarar guminsu.

Akwai wani mutumin Adar a nan Yamai, wanda ya yi shekara 30 yana hidima daga wannan biro zuwa wancan kafin ya ajiye aiki. Ba mai dukiya ba ne, ba kuma mai son tara kayan ƙawa ba ne. Abin da ya jefa shi neman takobi tsohon miki ne. A gidansu akwai takobin gado, wanda ake ratayewa a ɗakin mahaifinsa, ba a sauko da shi sai ranar Salla ko ranar naɗin sarauta. Da yunwar 1984 ta zo, wadda mutanen karkara suka sa wa suna El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da aka yi a shekarar, sai tsohon ya ba da takobin aka ba shi buhu 2 na hatsi. Iyali suka rayu. Tsohon bai sake ambaton takobin ba har Allah ya yi masa rasuwa, ƴaƴansa kuwa ba wanda ya yi ƙarfin halin tambayarsa. Shi wannan ma'aikaci ya san ba zai sake ganin na gidansu ba. Abin da yake so shi ne ya samu irinsa, na gaske, ya bar wa ƴaƴansa.

A Yamai kuwa, mutum ba ya furta bukatarsa sau 2. Kafin mako ya zagayo dillalai sun san ƙofar gidansa. Kowanne ya zo da kaya naɗe cikin tsumma, kowane takobi kuma da tarihinsa: wannan ya yi yaƙin Kawsan, wancan na wani baraden Firhun ne, ga kuma wanda ya fito daga fadar Sarkin Abzin Tagama. Da a ce dukan takubban da ake danganawa ga Kawsan sun halarci yaƙin nan da gaske, da Faransawa ba su sake shiga Agadas ba a watan Maris na 1917. Shekarun biro sun koya wa mutumin nan abu guda: takarda mai yawan bayani ita ta fi bukatar a duba sa hannunta. Saboda haka bai sayi ko ɗaya ba. Ya tuna matambayi ba ya ɓata, ya tafi neman wanda ya san ƙarfe.

Wanda aka nuna masa wani tsohon maƙeri ne Ba'abzine, daga cikin dangin da Abzinawa ke kira inadan, wanda farin 1974 ya koro zuwa Yamai yana saurayi, ya zauna sansanin Lazare, daga bisani ya kafa rumfarsa. Ma'aikacin ya riƙa zuwa da la'asar, da ɗan ganyen shayi da sukari a aljihu, yana zama gefen zugazugi. Ranar farko da ya faɗi abin da ke tafe da shi, tsohon ya ce masa: "Mushe, in kana son labari, koma wurin dillalai, sun fi ni iya shi. In kana son takobi, sai ka rufe kunnenka ka buɗe idonka."

Abu na farko da ya koya ya ba shi mamaki: da yawa daga cikin tsofaffin takubban da ake alfahari da su a Abzin da ƙasar Hausa, ruwansu ba a nan aka ƙera shi ba. Daga Turai yake zuwa, ta Tarabulus da Gat, bisa raƙuma. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Agadas a 1850, ya shiga Kano a 1851. Ya ƙiyasta cewa ruwan takobi wajen 50.000 ke shiga kasuwar Kano kowace shekara, kowanne a kan wuri 1.000, kuma kusan dukan waɗanda ya gani daga Solingen ta ƙasar Jamus suke. A Kano da sauran birane ake sa musu ƙota, dukawa su ɗinka kube da hamila, sa'an nan su bazu zuwa Abzin da Barno da Nufe. Ashe takobin gado ɗan uwa 2 ne: ruwa na Bature, sutura ta gida. Maƙeran gida su ma sun ƙera nasu ruwan da tamar ƙasa, kuma suka riƙa kwaikwayon alamomin da suke gani a jikin na Turai: jinjirin wata 2 masu fuskar mutum, ko dabbar nan mai gudu wadda asalinta alamar maƙeran Passau ce, kafin na Solingen su ara. Ba don zamba suke yi ba. Alamar ta riga ta zama wani ɓangare na kamannin takobin kirki. Don haka ganin wata a jikin ruwa ba ya tabbatar da ƙasar da aka ƙera shi, balle shekarunsa.

Daga nan tsohon ya shiga nuna masa abin da hannu da ido ke iya ganewa. Ya fara da nauyi. Tsohon ruwa, in ji shi, an yi shi ne domin mutumin da zai wuni da shi a kafaɗa bisa raƙumi, saboda haka ba shi da kauri, kuma kaurinsa na raguwa daga gindi zuwa baki. Sabon da aka yanko daga sifirin na matacciyar mota sau da yawa kaurinsa ɗaya ne tun daga sama har ƙasa, yana jan hannu kamar taɓarya. Dillalai na son lanƙwasa ruwa a gaban mai saye su sake shi ya miƙe, su ce ga shaida. Wannan ba shaidar tsufa ba ce, domin ƙarfen sifirin aikinsa ke nan tun yana ƙarƙashin mota.

Sai kwarmin da ke bin tsakiyar ruwa, wanda sau da yawa guda 3 ne, na tsakiya ya fi tsawo. A tsohon takobi gefen kwarmin ya sha hannu da dutse, ya yi laushi. A sabo kuwa, wanda injin wasa ƙarfe ya haƙa, ana ganin ƙananan zane-zane jere da juna, kuma ƙarshen kwarmin yakan karkace inda hannun mai aiki ya goce. Sai kaifi. Takobin da kaka ya wasa, uba ya wasa, ɗa ya wasa, dole ya rame daga tsakiya zuwa baki, domin nan ne ake sara da shi, nan ne dutse ya fi ci. Wanda faɗinsa bai ragu ko kaɗan ba, amma aka ce ya ga yaƙi 3, to a kube ya gan su.

Inda tsohon ya fi daɗewa shi ne kan tsatsa, domin nan ne zamba ta fi zama. Tsatsar shekaru baƙa ce, ta kama jiki, ba ta bin yatsa, kuma ba ko'ina take ba: tana zama kusa da ƙota inda gumi ke sauka, da wuraren da damshin kube ya taɓa. Tsatsar da aka yi da ruwan batir, ko da gishiri da binnewa cikin ƙasa mai laima, ja ce, ta rufe ruwan baki ɗaya kamar an shafa masa kunu, in an murza kuma sai ta bar gari a hannu. Alama ma haka take. Wadda aka buga tun ranar ƙira ta tsufa tare da ruwan, wani gefenta ma ya shafe. Wadda aka buga jiya bakinta na da kaifi, farce na kama shi. Fatar da aka rataya a madafa domin hayaƙi ya baƙanta ta kuwa, hanci ke tona mata asiri.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ta juya tunanin ma'aikacin. Da can yana ƙyamar duk takobin da kubensa ke sabo. Tsohon ya ce masa: "Ɗana, fata ba ta kai shekarun ƙarfe. Mai takobin ƙwarai shi ka sake mishi riga duk lokacin da ta tsufa, kamar yadda kake sake wa kanka. Tsohon ruwa cikin sabuwar riga ba abin tsoro ba ne. Sabon ruwa cikin tsohuwar riga, wanga shi za ka tambaya wa ya tufatar da shi." Shi kansa tsohon sababbin takubba yake ƙerawa, da ƙarfen da yake saye a Katako, yana sayar wa angwaye da masu zuwa Biyanu da bikin gishiri na Ingal, kuma bai taɓa cewa na kakansa ne ba. A wurinsa sabon takobi ba jabu ba ne. Jabu yana farawa ne daga lokacin da baki ya ƙara wa ƙarfe shekarun da bai yi ba.

Ana cikin haka sai jarrabawa ta zo ta inda ba a zata ba. Wani dillali ya sallama da wani takobi dabam: lanƙwasasshe, mai kaifi gefe guda, ƙotarsa doguwa naɗe da igiya, kubensa na ƙarfe. Ya ce: "Ranka shi daɗe, wannan ba na irin mutanenmu ba ne. Na Japan ne. Wani soja ɗan Kano ya kawo shi daga yaƙin Boma, jikokinsa ne bukata ta kama. Jikka 600, kuma don kai ne." Kuɗin ya yi daidai da abin da mutumin ya ajiye domin rufin ɗakin da yake ginawa. Haɗarin wannan labari shi ne gindinsa gaskiya ne. Dubban Hausawa sun yi yaƙi da sojan Japan a ƙasar Boma tsakanin 1943 da 1945, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da Ingila ta kafa, kuma sojojin da suka ci yaƙin sun koma ƙasashensu da takubban Japan masu yawa a matsayin ganima. Ƙaryar da ta jingina da gaskiya ta fi kowace wuyar turewa.

Ya roƙi kwana 3, ya kai wa tsohon. Maƙerin bai taɓa riƙe irinsa ba, bai kuma ɓoye hakan ba. Ya fita da shi rana, ya karkata shi, ya daɗe yana duban wani farin zane mai kama da igiyar ruwa da ke bin kaifin. Ya ce wannan zane bisa fata yake kwance kamar lalle, bai fito daga cikin ƙarfen ba, kuma tudunsa duka girmansu ɗaya, alhali wuta ba ta maimaita kanta. Sa'an nan ya ce: "Ban san mutanen ba, amma maƙeri duk inda yake maƙeri ne. Abin da bai so a gani, cikin ƙota yake ɓoye shi. A buɗe."

Ma'aikacin ya kwana 2 yana karatu, ɗansa na nemo masa bayani a intanet, sai ya tarar tsohon ya faɗi daidai inda masanan Japan ke farawa. A can, ana narka baƙin yashi mai ƙarfe da gawayi a samu ƙarfen takobi, a ninka shi a buge sau goma sha wani abu. Kafin a tsoma ruwan cikin ruwa, sai a shafe shi da yumɓu, mai kauri a gadon baya, siriri a kaifi. Kaifin ya riga hucewa ya yi tauri, bayan ya zauna da laushi, iyakar da ke tsakaninsu kuwa ita ce farin zanen da suke kira hamon. Cikin ƙarfe yake, shi ya sa ba a samun guda 2 iri ɗaya. Na jabu da ruwan asid ko da burushin waya ake zana shi. Ƙotar kuwa ɗan tsinken gora ne ke riƙe da ita. In an fitar da shi sai wutsiyar ruwan ta bayyana, a nan maƙeri ke sassaƙa sunansa, a nan kuma tsatsar shekaru ke zama baƙa. Mutanen Japan ba sa goge wannan tsatsa, domin ita ce takardar haihuwar takobi. Wanda ya goge ta ya zubar da darajar kayansa da hannunsa.

Ya kuma gano cewa yawancin takubban da sojan Japan suka riƙe a yaƙin duniya na 2 ba aikin manyan maƙera ba ne. Na ƙananan hafsoshi, wanda aka tsara a 1935, inji ke yin sa, da lamba a jikin ruwa da irinta a bakin kube, kuma dole su dace. Wanda dillali ya kawo lambarsa na bisa zoben tagullar da ke gindin ruwa, wurin da masana suka daɗe da sanin cewa masu kwaikwayo ne ke buga ta. Irin waɗannan da yawa daga ƙasar Sin suke fitowa. A can ma akwai gari kamar Longquan, mai tsohon tarihin ƙira, inda ake yin sababbin takubba irin na Japan a sayar da su da sunansu na gaskiya. Kamar a Yamai, a hanya ne tsufa ke kama su.

Da dillalin ya dawo, aka ce a buɗe ƙota, sai ya ce mai kaya bai yarda ba. Aka nuna masa lambar, ya sauko jikka 400. Kafin a kira la'asar ya kai 150. Kayan da ya faɗo haka tsakanin salla 2 ya riga ya faɗi sunansa. Mai yiwuwa shi kansa dillalin haka aka ba shi labarin ya ɗauka, domin jabu kan bi hannu 5 kafin ya iso, kowane hannu kuma na ƙara masa shekara 10. Aka rabu da mutunci, ɗaki ya samu rufinsa.

Bai kamata a ɗauka cewa wannan ciwon na matalauta ba ne kawai. A Japan kanta, sa hannun ƙarya ya daɗe ƙwarai. Sunan Kotetsu, maƙerin birnin Edo na ƙarni na 17, an sassaƙa shi bisa takubban da bai taɓa gani ba, har masu tarawa suka ɗauki al'adar zargin duk wanda ke ɗauke da sunan kafin a gwada. Bambancin shi ne sun yi wa abin magani: tun 1948 akwai ƙungiya a Tokiyo da ke duba takubba tana ba da takardar shaida, kuma doka ta wajabta a yi wa kowane takobin gargajiya rajista. Duk da haka ana buga takardun na jabu, abin da ke nuna takarda ba ta ɗauke wa ido aikinsa.

A nan gida kuwa, abin ya shafi ɗan kasuwa da ma'aikaci baki ɗaya. Fari na 1974 da na 1984 sun fitar da kayan gado daga hannun masu su, karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 kuma ta mai da su rabin kuɗi ga mai zuwa da kuɗin Faransa. A shekarun nan ne aka wawashe tukwane da gumakan Bura. Dokar 30 ga Yuni 1997 ta zo domin kare kayan tarihin ƙasa, ta sa fitar da su sai da izini. Amma takobi guda na iya shan ƙarya 2 a rana guda: a shago a ce sabo tsoho ne domin kuɗinsa ya hau, a gaban ɗan dwan a ce tsoho sabo ne domin ya wuce. Ta farko na cutar mai saye da maƙerin kirki, wanda aikinsa ke rasa daraja idan amana ta fita daga kasuwa. Ta biyu na cutar ƙasa. Maganinsu ɗaya ne: ido mai sani. Gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1959, yake kuma ɗauke da sunan Bubu Hama, yana tsakiyar gari, maƙera da dukawa na aiki cikin harabarsa. Wanda ya ba su yini guda zai fita da abin da zai tsare masa albashin wata da watanni.

Sani kuwa kaifi 2 gare shi, kamar takobin Abzin. Bayan shekara 2, wani saurayi makiyayi daga wajen Abalak, wanda mahaifiyarsa ke kwance asibiti, ya kawo wa ma'aikacin takobi cikin kube mai sabuwar koriyar fata, yana neman jikka 50. Da ya zare shi ya ga ruwa marar nauyi, ramamme wajen baki, da baƙar tsatsa a gindi, da jinjirin wata da rabinsa ya shafe. Shi ne abin da ya daɗe yana nema, kuma mai shi bai san abin da ke hannunsa ba. Ya ce masa: "Ƙanena, wannan ya fi abin da ka ambata nesa ba kusa ba, kuma ba irin wanda ake sayarwa ba ne. Karɓi kuɗin, bar shi jingina. Ranar da ka samu, zo ka ɗauki abinka." Suka rubuta takarda, tsohon maƙerin ya zama shaida. Bayan damina 2 saurayin ya dawo da kuɗin, ya tafi da takobin kakansa.

Yau abin da mutumin Adar ya mallaka takubba 2 ne. Ɗaya tsohon ruwa ne ƙirar gida, wanda ya saya daga wani gida da suka sayar da son ransu, ya rubuta sunan garinsu da jerin waɗanda suka riƙe shi cikin wani ɗan littafi. Ɗayan kuwa sabo ne fil, tsohon maƙerin ya ƙera masa, kuma bisa roƙonsa ya buga alamarsa da shekarar ƙira a gindin ruwan, domin kada wani dillali ya kai shi yaƙin Kawsan bayan shekara 50. Da maƙeran Yamai da Agadas da Damagaram za su ɗauki wannan al'ada, kowa ya sa sunansa bisa aikinsa, da sun rufe wa masu zamba babbar ƙofa, da kuma jikoki sun san wanda za su yi wa addu'a idan suka zare takobin gidansu.